Zuwa Kurfai Ɗauko Yaya Hajo

Tun da na dawo daga Nijar ban huta ba. Duk wanda ya leƙo shagona, kafin ya faɗi abin da ya kawo shi sai ya tambaye ni labarin Filinge. 'Yan majalisarmu ta bayan la'asar kuwa ba garin ne ya dame su ba, so suke su ji ina Yayar da na cika musu baki zan ɗauko. Na gaji da bayar da labari gutsure-gutsure, kowa ya ɗauki guntunsa ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai a nan Funtuwa, kuma ni ne auta a ɗakinmu. Yaya Hajo ita ce babba, ta girme ni nesa ba kusa ba. Ina ɗan firamare wani bafataken shanu, Bakurfaye, wanda yakan sauka gidanmu, ya aure ta ya tafi da ita ƙasarsu Kurfai, wajen Filinge. Da can ita ke zuwa ganin gida da buhun wake da cuku, amma bayan rasuwar mahaifiyarmu da ta mijinta sai ƙafa ta ɗauke, ya zama sai dai waya da ɗanta Isuhu.

A wayar ne kuwa, ƙarshen damanar da ta wuce, Isuhu ya faɗa mini maganar da ta tada ni tsaye. Ya ce Inna lafiyarta ƙalau, tana cin tuwo, kai ne dai ya ɗan motsu, ba ta cika gane mutane ba. Na ce ya ba ni ita mu gaisa, ya ce ta fita. Na ce ita da wa?

"Ita ɗai, Kawu," in ji shi, kamar yana ba ni labarin farashin gero.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Tsohuwar da ba ta gane ɗanta a sake ta cikin daji ita kaɗai? Na ce wannan ba komai ba ne sai sakaci irin na ƙauye. A makon na sa aka share ɗakin da ke kusa da na maiɗakina, aka sa fanka da sabuwar katifa, aka gyara sakatar ƙofa. Na yanke cewa zan je in ɗauko 'yar'uwata ta ƙare kwanakinta a inda ido zai kasance a kanta. Don kada in je hannu rabbana, na haɗa wa Isuhu ɗan ƙaramin inji mai aiki da batir, na naɗe shi cikin bargo.

Daga nan zuwa Sakkwato babu abin faɗi sai zaman mota da ciwon gwiwa. Labari ya fara ne a kan iyaka, tsakanin Illela da Ƙonni. Takarduna dai sun cika, har da katin allura da aka yi ta jaddada mini, amma da aka zo duba kaya sai bargo ya jawo hankalin 'yan duwan, wato kwastan ɗinsu. Ɗaya ya ce firji ne, ɗaya ya ce a'a, tanda ce ta gasa burodi. Da na ga gardama za ta cinye mana yini, na roƙi direba ya ara mini batir, na jona. Ƙwan fitilar da ke ciki ya kama, zafi ya kai inda ake so, ya mutu da kansa, can an jima ya sake kamawa. Sai ga babbansu ya taso daga kan benci, ya tsuguna yana leƙe ta gilashi, har fasinjoji suka fara tsaki. Bai bar ni na tafi ba sai da na yi masa bayanin yadda ake juya ƙwai, don ashe matarsa na kiwon zabi. Mun rabu yana yi mini addu'a, abin da ban taɓa samu a wani shinge ba.

Na kwana a Ƙonni, da asuba na shiga babbar mota zuwa Yamai. Abu na farko da ya burge ni shi ne lokacin da suka ce za su tashi, lokacin suka tashi, saura kaɗan su bar ni ina shan shayi. Burodinsu dogo ne siriri, ɓawonsa na yankar dasashi, amma in ka tsoma shi cikin kafe, wato kofi, da madara sai ka yafe masa. Har Dogondutsi ina cikin 'yan'uwa, Hausa ce ko'ina, ko da yake irin ta Sakkwatawa ce mai "munka" da "anka". Daga Doso kuwa sai Zabarmanci ya karɓe kasuwa, na koma kurma. Nan na nuna wani abinci da yatsa aka zuba mini, dambu ne da kwaɗon zogale da suke kira kopto. Na cinye na sake nunawa, mai abincin tana ta dariya tana faɗa mini abin da ban ji ba.

A Yamai na sauka wurin wani ɗan garinmu mai sayar da kayan babur. Da ya ji inda na nufa ya ce in yi sammako, in kuma tabbata rana ba ta faɗi ina kan hanya ba, don arewacin ƙasar ba kamar da ba ne. Na bi shawararsa. Motar Filinge ƙarama ce, an loda mata kaya har ta fi tsayinta, aka cusa ni kusa da wani dattijo mai jan gemu, Alhaji Dari, dillalin shanu daga Bankuku. Injina na kan cinyata, rabinsa kan tasa, bai ko yi ƙorafi ba. Ya ɓare goro ya ba ni rabi, muka zama abokai.

Mun wuce Baleyara, mun wuce mararrabar Damana, sai na fara ganin abin da ya ɗaure mini kai. Shanu ne jajaye masu sheƙi, ƙahoninsu gajeru, sun jeru suna tsallake hanya cikin natsuwa, babu makiyayi, babu kare, babu ko yaro mai sanda. Gaba kaɗan ga tumaki, su ma haka. Na ce wa Alhaji a wurinmu da an yi wannan gangancin, kafin azahar an kai su mahauta. Ya yi murmushi ya ce ɓarayi ai ko nan akwai su, amma yanzu an saki gonaki. Duk damana dabba tana turke ko tana hannun makiyayi, don kada ta yi ɓarna. Idan kowa ya kwashe geronsa da wakensa, sai hukuma da masu gari su sanar an saki gonaki, daga ranar a kwance igiya. Da safe a tatsa a buɗe musu, da yamma su dawo.

Na ce to wa ke dawo da su?

"Wa za shi dawo da su? Dabba ta san inda ciyawa take, ta san inda rijiya take, ta san inda ɗanta yake. Mi za ka gwada mata?"

Ni kuma da ba na son a fi ni, na bugi bargon da ke cinyata na ce ai ni ma ina haɗa abin da ke sarrafa kansa, na yi masa bayanin fitilar da ke kamawa ta mutu ba tare da an taɓa ta ba. Ya saurara sosai. Sannan ya tambaye ni, in an kwashe ƙwan aka zuba duwatsu, injin zai daina? Na ce ba zai daina ba, amma kada ya yi saurin murna, don kaza ma in kwanci ya kama ta takan kwanta a kan dutse, na gani da idona. Ya ce gaskiya ne, shi ma ya gani. Sai dai kaza in ta kwanta ta kwanta ta ga ba labari, yunwa za ta tashe ta, ta karkaɗe jiki ta tafi neman tsaba, don tana da ran da take tattali. Injin kuwa ko ya ƙone ko ya tsira duk ɗaya ne a wurinsa, ni ne zan yi asara.

Na daɗe ina wannan sana'a, amma ban taɓa kallonta ta nan ba. Duk abin da injina ke yi, ni na so, ni na ɗora masa. Saniyar da ta tsallake gabanmu kuwa ba wanda ya ɗora mata ƙishirwa, tata ce, kuma ita za ta mutu in ba ta kai rijiya ba. Ina cikin wannan tunani taya ta fashe dab da Bankuku. Alhaji ya ce ai ya iso, ya sauka, ya saya mini cuku ya sa aka dafa shayi muka sha kafin a gama faci. Cukun nasu fale-fale ne, busasshe, sai an jiƙa shi a shayi yake sakin jiki. Da za mu rabu ya tambaye ni abin da ya kai ni Kurfai, na faɗa masa. Ya ce Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Filinge gari ne mai kwanciyar hankali, ga dogon dutse ya tokare shi ta gefe guda. A tasha na tarar da Isuhu yana jira da amalanken jaki. Rabona da shi tun yana saurayi, yanzu har da furfura a gemu. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ɗora kaya, muka kama hanyar ƙauyensu. Muna fita gari ya ajiye igiya, ya juyo ya fuskance ni yana tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Na ce ya dubi gabansa kada mu faɗa rami, ya ce jakin ya fi shi son isa gida.

Mun isa da la'asar sakaliya. Matarsa Ramatu ta kawo ruwa da fura, maƙwabta suka yi ta shigowa sannu da zuwa. Gaisuwar Kurfayawa ba ta da gaggawa. Za a tambaye ka gajiya, a tambaye ka gida, a tambaye ka sanyi, a tambaye ka waɗanda ka baro, in an kai ƙarshe a sake ɗauko ta daga farko. Ni kuwa idona na kan ɗakuna, ina neman wadda na zo dominta. Da na kasa haƙuri na ce ina Yaya? Ramatu ta dubi rana ta ce ta kusa, tare da awaki take shigowa.

Haka kuwa aka yi. Rana na shirin faɗuwa sai ga awaki sun kunno kai, kowace ta nufi gidansu ba mai kora. A bayansu ga wata 'yar tsohuwa ta ɗauko ƙwarya cike da 'ya'yan kalgo, da sanda a hannu, tana tafe ba sauri ba nawa. Ta rame, ta ƙanƙance, amma tafiyar nan ta Yaya ce, ko cikin dubu zan gane ta. Na tashi na tare ta, na ce Yaya, ni ne Auta. Ta dube ni da fara'a, ta ce maraba da baƙo, an sha hanya, ta juya ta ce wa Ramatu a ba baƙo ruwa. Daga nan ta wuce ta zuba wa awaki kalgo. Na koma na zauna, hawaye suka zubo mini a gaban surukar 'yar'uwata, ban iya tare su ba.

Bayan sallar magariba na buɗe wa Isuhu wuta. Na ce abin da suke yi ba daidai ba ne, uwa ba akuya ba ce da za a buɗe mata ƙofa da safe. Ya sunkuyar da kai har na gama. Sannan ya ce sun kai ta wurin likita a Filinge, an ce ciwon tsufa ne, ba shi da magani sai kulawa. Na ce to kulawar ke nan? Gobe kada a bar ta ta fita, ina nan, ni zan zauna da ita. Ya dubi Ramatu, Ramatu ta dubi ƙasa. Ya ce to, Kawu.

Wannan yini ba zan manta da shi ba. Da hantsi Yaya ta ɗaura zane, ta ɗauki ƙwarya da sanda, ta nufi ƙofa, ta tarar an ɗaure ƙyaure da igiya. Ta tura, ta sake turawa. Ta bi jikin danga tana shafawa har ta zagayo inda ta fara, ta sake turawa. Na shimfiɗa mata tabarma a inuwa, na kawo mata hotunan gida, na yi ta ba ta labarin 'yan'uwa, ko kallona ba ta yi ba. Can ta zauna a ƙasa dab da ƙofar, ƙwarya a cinya. Aka kawo fura ta kau da kai. Azahar ta yi ta wuce ba ta motsa ba, Ramatu ta ce mini a hankali tun da ciwon ya fara, in dai tana waje, ba ta taɓa barin salla ta wuce ta ba. Wajen la'asar ta fara kiran sunan mijinta da ya rasu, tana tambaya wane laifi ta yi. Matar da jiya ta shigo da ƙafarta tana ba da umarni a ba baƙo ruwa, yau ta koma kamar tsumma.

Ramatu ce ta tashi, ba ta nemi izinin kowa ba, ta kwance igiyar.

"Ka yi haƙuri, Kawu, ba ni iya kallo."

Yaya ba ta ma yi nisa ba, don rana ta riga ta yi sanyi. Ta fita ta zauna a kan wani kututture a ƙofar gida har awaki suka dawo, ta bi su ciki, ta wanke hannu ta ci tuwo.

A daren Isuhu ya faɗa mini abin da kunya ta hana shi faɗa jiya. Ya ce su ma sun gwada tsare ta, farkon damana, don tsoron ruwa da macizai. Kafin wata ya ƙare ta daina ci, ta daina magana, sai an ɗaga ta an kwantar. Dattawan gari suka kira shi suka ce ya buɗe mata, kowa zai sa ido. Na ce in ta ɓace fa? Bai yi mini ƙarya ba. Ya ce tana iya ɓacewa. Akwai wani tsoho a wajen Damana da ya fita haka, sai gawarsa aka tsinta. Ya ce kullum ta fita gabansa na faɗuwa har ta dawo, amma ya ga abin da ɗaki ke yi mata, shi kuma wannan ba wataƙila a cikinsa.

Washegari na ce zan bi ta a baya in gani da idona. Ta fita, na ba ta rata, na bi. Ta fara biyawa ta rijiya, mata suka gaishe ta, ɗaya ta ɗauraye mata ƙwarya ta zuba mata ruwa ta sha. Ta wuce ta bakin maƙera, maƙerin ya ɗaga kai ya amsa sallamarta, na lura bai mayar da ido kan ƙarfensa ba sai da ya ga hanyar da ta ɗauka. Daga nan ta shiga gonaki. Ni da takalmina sau ciki da safa, kafin mu yi nisa ƙarangiya ta yi mini ado har gwiwa, ina tafe ina tsintar ƙaya ina Allah-wadai. Ita kuwa da silifas ɗinta tana ratsawa ta inda babu, ba ta ko duban ƙasa. Ta tsaya nan ta tsinci kalgo, ta wuce wancan don bai nuna ba. Na yi mamaki, na kuma ji daɗi, don wadda ba ta san sunana ba ta san wane kalgo akuya za ta ci.

Sai muka iso inda hanya ta rabu biyu. Isuhu ya riga ya faɗa mini ta dama ce ke zuwa gonar marigayi babansa, inda takan yini. Ta hagu kuwa hanyar fatake ce da ta miƙe arewa, wajen Sanam, babu gari kusa. Yaya ta tsaya jim kaɗan, ta ɗauki ta hagu.

Ban san lokacin da na ruga ba. Na cim mata na kama hannunta na ce Yaya ba nan ba ne, na jawo ta. Ƙwarya ta faɗi, kalgo ya watse. Ta dube ni da wani irin tsoro da ban taɓa gani a fuskar mutum ba, ta zube ƙasa, tana cewa in bar ta don Allah, ba ta da komai. Ina ƙara lallashi tana ƙara ƙanƙame jiki. Na rasa inda zan sa kaina, ga ni tsaye a kan 'yar'uwata ta ɗauke ni ɗan fashi.

Allah Ya kawo wata mai tallan nono daga rugar da ke kusa. Ta yi mini alama da hannu in ja baya, na koma bayan wata sabara. Ta sauke ƙwaryarta, ta tsuguna nesa kaɗan da Yaya, ta tattara kalgon da ya zube kamar ba abin da ya faru, sannan ta fara gaisuwa. Ina kwana Inna, ina gajiya, ina gida, ina su Ramatu, ina awaki. Can Yaya ta amsa ɗaya, ta amsa ta biyu, har ta fara mayar da tambaya. Sai matar ta miƙe ta ɗauki kayanta, ta kama hanyar dama a hankali, bakinta bai daina gaisuwa ba. Yaya ta tashi ta karkaɗe zane ta bi ta tana amsawa, don a Kurfai ba a barin gaisuwa a tsakiya. Da suka yi ɗan nisa matar ta yi mata sallama ta ratse, Yaya ta ci gaba ita kaɗai.

Da matar ta dawo ta wurina na yi mata godiya. Ta ce ba komai, kowa a nan ya san haka ake yi, har masu amalanke da 'yan mata masu itace. Wanda duk ya gan ta ta ɗauki hagu sai ya gaishe ta ya nufi dama. Ba a taɓa ta, ba a ce mata ta yi kuskure. Na ce kullum takan bi? Ta ce wani lokaci sai an yi gaisuwar sau biyu.

Na ƙarasa gonar daga nesa. Akwai wani babban gawo a tsakiya, nan ta zauna. Da inuwa ta karkata ta dube ta, ta yi taimama, ta fuskanci gabas daidai, ta yi salla. Ko raka'a nawa ta yi, wannan tsakaninta da Ubangijinta. Ni dai na zauna ina cire ƙarangiya, ina jinjina wa mutanen nan. A wurinmu in muna ƙaunar tsoho sai mu ƙwace masa komai, mu hana shi ko ɗaukar buta, mu ce hutu ne. Su kuwa gari guda sun ɗauki wahalar sa ido, don dai tsohuwa ɗaya ta ci gaba da fita da ƙafarta.

Duk da haka zuciyata ba ta saki ba. Hanyar hagu tana nan, kuma ba kullum mai nono za ta biyo ba. Da yamma na ce wa Isuhu na ga ƙoƙarinsu, amma har yanzu ina ganin tafiya da ita ya fi.

"Kai ne kawu, ba ni hana ka. Amma ka tambaye ta."

Na ce wadda ba ta san ko ni wane ne ba, me za ta ce? Ya ce ba ta san sunaye ba, amma ta san abin da take so da wanda ba ta so, ai na gani jiya.

Kashegari ban bi ta a baya ba. Na riga ta zuwa gonar, na zauna a gindin gawo kamar matafiyin da ya tsaya shan inuwa. Da ta iso ta yi sallama na amsa, muka yi gaisuwa irin tasu, doguwa, ban yanke ba sai da ita ta yanke. Ta zauna ta miƙo mini aduwa guda biyu daga bakin zanenta. Ta tambaye ni daga ina, na ce daga Funtuwa. Na ce an aiko ni ne in tambaye ta ko za ta zo can ta zauna, akwai ɗaki mai kyau, akwai masu yi mata komai, ba sai ta sake shan rana ba.

Ta ci gaba da tsotsar aduwa, har na ɗauka maganar ta bi iska. Can ta ce, da harshen da ya riga ya koma na Kurfai:

"Funtuwa. Ina da ƙane can, Auta. Ni na goye shi. Ranar da za shi fara tahiya ni ar riƙe da hannunshi, sai nis sake shi. Innarmu na ta faɗa, za shi faɗi, za shi faɗi. Ya ko faɗi, ya fashe leɓe ga bakin turmi, jini har ga riga. Nis sha kashi ranan nan." Ta yi 'yar dariya. "Amma wanshekare da kainai yat tashi. Ba a sake riƙe shi ba."

Akwai wani tabo a leɓena na sama, gashin baki ya rufe shi. Na girma da shi, na tsufa da shi, ban taɓa sanin inda na samo shi ba, kuma duk waɗanda za su iya faɗa mini sun rasu sai ita. Na kai hannu na taɓa shi.

Ta tofar da ƙwallon aduwa, ta dogara sanda ta miƙe, ta ce kalgo na jiran ta. Har ta yi taku kaɗan ta juyo.

"In ka koma ka gaishe shi. Ka ce mishi ina nan, ban ɓace ba."

Na ce zai ji, Yaya. Ta ɗora ƙwarya a ka ta ratsa cikin karan gero, ni kuma na zauna inda nake ina kallon ta har ta shige.